Akushin Baba Dunoma

Ranar da Baba Dunoma ya cika kwana tara bai kai loma bakinsa ba, 'yarsa Meram ta yi masa miyar da tun tana yarinya ta san ba ya iya kawar da kai daga gare ta: kuka da bandar tarwaɗa, man shanu yana yawo a kai. Ta tuƙa tuwon gero mai laushi, ta malmala a akushi, ta kai masa ɗaki. Ta zauna a gabansa ta buɗe, don ƙamshin ya yi mata rabin aikin.

Tsohon ya ɗaga ido ya gan ta, ya yi maza ya sunkuyar da kai. Ya zame daga kan tabarma ya tsuguna a ƙasa, ya ba ta gefe, bakinsa yana motsi amma ba a jin abin da yake faɗa.

"Baba, ko loma uku ce ka yi."

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Tarwaɗar gida ce fa. Jiya aka sauke ta daga Gashuwa."

Ta gutsuro tuwon, ta dangwali miya, ta miƙa wajen bakinsa. Sai ya ja da baya har ƙeyarsa ta bugi bango, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Meram ta daɗe da lomar a hannu har miya ta gangaro mata zuwa gwiwar hannu. Sannan ta mayar, ta rufe akushin, ta zauna tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba. Kukan ma ƙarfi yake so, ita kuwa nata ya ƙare.

Shekara uku ke nan da ta ɗauko shi daga Gashuwa zuwa Nguru, bayan rasuwar uwarta. A lokacin ne rikicin tsufa ya fara taɓa shi. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana su a kogi, wanda ake cewa ya san inda kowane kifi yake kwana, shi ne ya fara tsayawa a tsakiyar kasuwa yana tambayar hanyar gidansa. Labari ya iske Meram, ranta ya sosu. Ta ce ba za ta bari mutanen da suka san shi da ƙarfinsa su riƙa kallonsa a haka ba. Ta je ta taho da shi gidan mijinta Kyari, can bayan tashar jirgin ƙasa, inda ba wanda ya san ko shi wane ne.

Ta sha wuya a shekarun nan. Yakan yi sallar azahar sau huɗu, ya kuma rantse bai yi ba. Yakan fito tsakar gida yana neman kwalekwalensa, yana faɗa wai yara sun kwance masa shi. Ya taɓa juye toka a randa, ya taɓa tauna sabulu. Wankin wandonsa kuwa sau biyu ne a rana, wani lokaci uku. Suyar kifin da take kaiwa tasha ranar jirgi ta mutu, don ba a juya masa baya alhali kasko yana kan wuta. 'Ya'yanta mata biyu suna aure a nesa, ɗaya a Haɗeja, ɗaya a Kano. Kyari kuwa lodin gyaɗa da kanwa yake yi a tasha daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, in ya dawo ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Amma duk da wannan, tsohon yana cin abinci. Ci ma irin na masunta, ya share akushi ya lashe yatsu ya tambayi saura. Wannan ne kaɗai abin da yake kwantar wa Meram da hankali.

Sai a ƙarshen sanyin bana zazzaɓi ya kayar da ita. Sati uku tana kwance, maƙwabciyarta Maijidda, matar wani ɗan kasuwa Bakano, tana miƙo wa tsohon tuwo ta kan danga. Da Meram ta tashi, ta tashi ne kamar an sauya ta. Kumatu sun faɗa, haƙoran gaba biyu da suka daɗe suna girgiza sun fita, furfura ta cinye gaban kanta. Ba ta ma tsaya duba kanta ba, ina lokacin? Ta ɗaura zane ta koma kan aikinta. Ranar da ta fara kai masa akushi da hannunta, a ranar ya fara tsugunawa yana ba ta gefe.

Da farko abin bai tsananta ba, domin yakan faki ido ya fice. Ya bi layin dogo ya isa tasha, ya tsaya gaban masu ƙosai da masu fura yana kallo har wata ta ji tausayi ta ba shi. Haka aka yi wajen wata biyu, Meram tana bin sa tana kamowa. Daga nan magana ta fara yawo. Wai tsohon nan na gidan Kyari an gan shi yana tura ƙosai biyu-biyu kamar wanda ya fito daga kurkuku. Wai 'yar tasa ta gaji da shi, horon yunwa take masa. Masu faɗar haka ba wadda ta taɓa zama da shi ko na tsawon dahuwar shinkafa, amma kowacce ta san yadda ya kamata a riƙe shi.

Maganar ta ƙona Meram. Ga kuma tsoron jirgi, don ran nan a kan ƙarfen dogo aka same shi zaune. Ta sa Kyari ya yi wa ƙofar gida sakata mai ƙarfi. Daga ranar tsohon bai sake fita ba, daga ranar kuma bai sake cin komai ba sai ruwan da yake kurɓa in ta ba da baya.

Ba inda ba ta kai kuka ba. Ta kai shi ɗakin shan magani, suka yi layi tun hantsi har rana ta take. Malamin asibitin ya duba idonsa, ya duba harshensa, ya ce ciki lafiya, maƙogwaro lafiya. Ya nuna mata kwalaben da ke jere a bayansa ya ce duk cikinsu ba wadda aka haɗa don irin wannan ciwon, amma ya tsiyayo mata wani ruwa mai ɗaci wai yana buɗe ciki. Ta kai shi wurin malami, aka yi rubutu, tana jira a waje ya karɓa a hannun malamin ya shanye har da godiya. Da suka dawo gida ta miƙa masa ragowar, ya rufe fuska. Maijidda, da zuciya ɗaya dai, ta ce akwai wani gida a bayan gari inda ake sa wa irinsu mari har su natsu. Meram ta dube ta kawai, Maijidda ta ja bakinta ta yi shiru.

A yammacin rana ta tara ɗin, Kyari ya dawo ya tarar da akushin a rufe a bakin ƙofa. Ya leƙa ya ga yadda wuyan tsohon ya zama kamar sillen kara.

"Meram, mutumin nan tafiya zai yi," in ji shi. "In ma hakan ce, gara ta same shi a cikin danginsa. Gobe motar gyaɗa za ta koma Gashuwa ba kaya. Na yi magana da direban."

"In kai musu shi a haka? Su ce me?"

"Su ce abin da za su ce. Na nan ma ai suna faɗa."

Ta tashi ta fara ɗaure kaya.

Tafiyar ta ci musu wuni. Bazara ce, rairayi ya yi zafi, sau uku motar tana kafewa ana sauka ana turi. Meram ta riƙe gefen rigar ubanta don kada ya faɗo, shi kuma yana ta janyewa yana maƙurewa a kusurwa, kamar hannunta garwashi ne. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta yarda ya manta sunanta, ta yarda ya manta fuskarta. Amma me ta yi masa da zai tsane ta?

La'asar sakaliya suka isa gidan Fanna, kusa da bakin kogi. Fanna 'yar kawun Dunoma ce, wato taubashiyarsa, kuma ita kaɗai ta rage a sa'o'insa na dangi. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, baƙa, idonta ya yi ja saboda hayaƙin banda, bakinta kuwa duk unguwar ana shakkarsa. Suka same ta tana juya kifi a kan ragar banda. Ta ɗago ta ga wanda ake riƙowa, ta yar da sandar hannunta.

"Lale, lale! Wa nake gani? Bawana ne ya dawo? Dunoma mai kamun kwaɗi, ashe ba ka mutu ba? Wa ya tsotse ka haka?"

Abin mamaki, tsohon ya ɗaga kai. Wani abu kamar murmushi ya motsa a gefen bakinsa.

"Fanna mai ƙona kifi," ya ce, murya a dushe. "Har yau ba ki samu miji ba?"

"Na binne biyu ina jiran ka, raggo."

Meram ta tsaya baki buɗe. Rabon da ta ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa tun kafin ciwonta. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa. Wata daga cikin matan 'ya'yan Fanna ta kawo fura a ƙwarya, Meram ta karɓa ta matso ta durƙusa a gabansa, kamar yadda ta saba. Nan take murmushin ya ɗauke. Ya tuɓe takalmansa, ya zame daga tabarmar, ya tsuguna ya ba ta gefe.

"Kin gani ko, Gwaggo?" in ji Meram. "Haka muke. Yau kwana goma. Ni dai ban san abin da na yi masa ba."

Fanna ta dubi takalman da ke gefe, ta dubi yadda ya tsuguna, ta matsa ta kasa kunne ga abin da bakinsa yake faɗa. Sannan ta juyo ta ƙura wa Meram ido, ta daɗe.

"Juyo nan wajen haske. Ture ɗankwalin. Buɗe bakinki in gani."

Meram ta yi, tana jin haushi.

"Inna lillahi," in ji Fanna a hankali. "Gaji ce. Wallahi Gaji ce ta taso."

"Wace Gaji?"

"Kakarki mana, uwar uwarki. Ajiye ƙwaryar nan ki tashi. Shiga bayan zanan can, kada ki yi tari, kada ki leƙo."

"Gwaggo, ba a barin sa shi kaɗai da abinci. Zai iya shaƙewa, in kifi ne ƙaya…"

"Ke, tafi can! Mutumin da ya fara cin kifi tun ba a haifi uwarki ba, ke za ki koya masa cire ƙaya?"

Meram ta koma bayan zana ta zauna a kan turmi. Tana jin Fanna tana cewa, "To, ta tafi. Ta tafi unguwa, sai gobe. Tashi ka zauna kamar mutum, ka wani tsuguna kamar mai jiran aski." Sai muryar tsohon, ƙasa-ƙasa: "Kin tabbata?" Fanna ta ce, "Da idona na ga fitarta. Sha, ko in shanye in bar ka da ƙwarya."

Sai Meram ta ji ƙarar ludayi yana taɓa ƙwarya. Ta ji kurɓa, ta ji wata kurɓar, ta ji Fanna tana cewa ya yi a hankali ba kora ake yi ba. Ta ji an kankare gindin ƙwaryar. Ta ji ya ce, "Babu tuwo ne a gidan nan?"

Da Fanna ta zagayo, ta same ta ta haɗa kai da gwiwa.

"Ba tsanar ki ya yi ba," in ji tsohuwar, ta zauna a ƙasa kusa da ita. "Gaisuwa yake miki. Bakin nan da kike gani yana motsi, ina wuni yake ta yi, ina gajiya, yaya gida. Shi a ransa saurayi ne, bai daɗe da aure ba, ke kuma surukarsa ce. Gaji haka take, gibin nan, furfurar nan ta gaba, har yadda kike ɗage haɓa. Kin taɓa ganin ɗan mutunci ya ci abinci a gaban surukarsa? A gidanta ma? Dunoma kuwa ko a cikin masu kunya daban ne. Ya taɓa wuni da yunwa a gidan Gaji, akushi a gabansa, ya ce ya ƙoshi. Mun yi shekara muna masa dariya."

"Ni kuma na zauna a kansa," in ji Meram. "Kullum. Har a baki nake ba shi."

"Ba mamaki har ƙofa kika kulle masa. Wanda duk bai san Gaji ba haka zai yi."

Meram ta shafa kumatunta, ta kai harshe inda haƙoran suka fita. Shekararta arba'in da biyar. Kakarta kuwa ta san ta ne tana tsohuwa tukuf, tana tafiya da sanda. Wani baƙin ciki ya taso mata, da haushi, ba ta ma san wa take jin haushin ba.

"Shi ya mayar da ni haka, Gwaggo. Wahalarsa ce. Shekara uku ban yi barcin kirki ba."

"Na ga alama. Wa ya ce ki ɗauka ke kaɗai? Kin zo kin sace shi kamar abin kunya, ko sallama ba ki yi mana ba. A unguwar nan irinsa uku ne. Ga tsamiya can bakin ruwa, nan suke wuni da sauran tsofaffi. Kowa ya san na gidan wane ne. Wanda ya ga ɗayansu ya nufi kogi sai ya juyo da shi, wanda ya gan shi a ƙofarsa sai ya ba shi abin da ke tukunya, ba kuma wanda zai ce 'yarsa ta hana shi. Ɗaya ma limami yake kiran kansa, muna amsa masa da Allah gafarta. Ke kin kai shi garin da ba wanda ya san shi, kin ce ke ce uwa, ke ce uba, ke ce mai gadi."

"Ba na so a yi masa dariya ne."

"Ni tun muna yara nake masa dariya, ga shi ya sha fura."

Meram ta buɗe baki za ta yi magana, sai hamma ta ƙwace mata. Fanna ta nuna mata ɗaki. Ta shiga da niyyar ta miƙe bayanta kafin magariba, ba ta farka ba sai da hantsin washegari ya dubi ludayi.

Kwana huɗu ta yi a Gashuwa, tana ɓuya a gidan kamar mai laifi. In za ta kewaya sai an duba mata inda yake. Ta kan zana take hango shi: yana cin ɗanwake, yana faɗa da jikokin Fanna masunta a kan yadda suke ɗaure ƙugiya, yana ce musu matansu ma shi ya bar musu. Bai warke ba, ba kuma wanda ya ce zai warke. Ya ɓata wandonsa sau biyu, ya kira Fanna da sunan wata akuya da ta mutu tun zamanin yunwa. Amma wuyansa ya fara tsayawa. Wankin kuwa Meram ce take yi, a bayan ɗaki, ta ba yara su shanya.

Aka yanke shawara zai zauna. Fanna ta ce matan 'ya'yanta huɗu ne, kowacce ranar girkinta ranar tsohon ce. Aka ce Meram ta riƙa zuwa duk wata kafin ruwa ya rufe hanya, ta kawo sabulu da abin da ya sawwaƙa, ta kama musu wanki. Amma lokacin cin abinci ta nemi wuri.

Ran komawarta da safe, bayan an tabbatar ya karya, ta ce ita kam sai ta yi masa sallama. Fanna ta taɓe baki ta ce ta je, amma ta tsaya daga nesa kamar yadda Gaji za ta yi.

Yana zaune a rumfa yana wasa da wani guntun tarun kamun kifi. Ta tsaya taku biyar daga gare shi ta yi gyaran murya. Ya gan ta, ya tuɓe takalma, ya sauka ya tsuguna. Wannan karon da ta san abin da ake yi, sai ta ji kalmomin sarai.

"Ina kwana, Iya. Ina gajiya. Yaya mutan gida."

"Lafiya lau," ta ce. "Zan koma ne."

"Allah ya kiyaye hanya."

Ta juya za ta tafi, sai ta ji ya yi wani ɗan tari. Kansa yana ƙasa, yana zane da yatsa a rairayi. A lissafinsa, ashe, matarsa tana can gidan uwarta wankan jego. Meram ita ce 'yar fari, don haka tun da ta yi wayo bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa tambayar lafiyarta a gaban mutane ba. Yanzu ma sai da ya waiga ya ga ba kowa kusa.

"Iya… baƙuwar nan. Yarinyar. Tana dai kama nono?"

Meram ta dafa ginshiƙin rumfar.

"Tana kamawa."

"Na ji an ce ba ta barci."

"Ta fara yi. Gajiya ce kawai."

Ya jinjina kai, har yanzu bai ɗago ba.

"A riƙa karɓar ta ana hutar da uwar. Ita ma ƙarama ce, a dai kula mini da ita."

"Za a kula," in ji Meram.

Daga bakin hanya yaron mota yana ta kiran masu zuwa Nguru. Ta ɗauki ƙunshinta ta fita ta bayan zana, don ya samu ya tashi daga tsugunen.